Daga Maitumbi Zuwa Aro: Ina Za Mu Kai Mai Taɓin Hankali?

Sau da yawa ɗan Arewa yana zaune a Agege ko Sabon Badun sai waya ta zo daga gida, a ce ƙane ko ɗa ya sami taɓuwa, a aiko da kuɗi. To, kuɗin nan ina suke tafiya?

Mu ɗauki Maitumbi, unguwar nan ta gefen Minna. Wanda ciwon ya kama a can, galibi wurin boka ko mai ruƙiyya ake fara kai shi, wani ma a sa masa mari. Ba ƙiyayya ce ta kawo haka ba, nisa ne da tsada da kunya. Manyan asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan ciwo da aka sani a Arewa suna Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri, alhali mu nan Kudu ga Yaba a Ikko, ga Aro a Abekuta, duk kusa da mu. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu ɗaure da sarƙa.

Ɗalibin aikin likita da ke neman abin bincike, ga shi nan a ƙofar gida. A 1954 Dokta Adeoye Lambo, bayan ya dawo daga karatu a Ingila, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle majiyyaci, sai a kama masa ɗaki a ƙauye tare da ɗan'uwansa guda, yana zuwa asibiti karɓar magani, yana cuɗanya da jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo aka yi aikin tare. Me zai hana a auna irin wannan a Maitumbi, da malaman unguwa da ƙaramin asibitinta?

Doka ma ta sauya. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙinsa na ɗan Adam.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku aika kuɗi gida, ku ce a fara da ganin likita, addu'a kuma ta ci gaba. Ciwo ne, kuma yana jin magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.