Wa Ya Ci Tseren Daytona na 1959?

Ranar Lahadi, 22 ga Fabrairu, 1959, mutane sama da dubu 41 suka kalli ƙarshen wani tseren motoci da idanunsu a garin Daytona, jihar Fulorida ta Amurka, amma suka watse suna musu a kan wanda ya ci. Direbobi biyu suka nufi dandalin ba da kofi, kowanne yana da yaƙinin shi ne gwani. Aka miƙa wa ɗaya kofin, aka ɗauke shi hoto, jaridu suka buga sunansa. Bayan kwana uku aka ce ba shi ba ne. Yaya aka yi alƙalan da ke tsaye a kan layin ƙarshe suka kuskure, kuma ta wace hanya aka gano?

Filin tseren sabo ne fil. Bill France, wanda ya kafa hukumar tseren motoci ta NASCAR a 1948, shi ya gina shi don a bar tsere a kan yashin bakin teku. Zagayensa mil biyu da rabi ne, wato kimanin kilomita huɗu, kuma an karkatar da kwanonsa har digiri 31 yadda mota za ta sha kwana ba tare da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ba. Motoci 59 suka tashi, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa amma an ƙara musu ƙarfi, za su yi zagaye 200, mil 500 ke nan. Daga farko har ƙarshe ba a ɗaga tutar gargaɗi ko sau ɗaya ba. Injuna suka yi ta ƙonewa, motoci na ficewa ɗaya bayan ɗaya, har da ta wani saurayi mai suna Richard Petty, wanda bai wuce zagaye takwas ba.

Da aka doshi ƙarshe, takara ta koma tsakanin mutum biyu. Akwai Lee Petty, mahaifin wancan saurayi, tsohon hannu daga Karolina ta Arewa, cikin Oldsmobile mai lamba 42. Akwai kuma Johnny Beauchamp, mutumin garin Harlan a jihar Ayowa, cikin Ford Thunderbird mai lamba 73. Suka yi ta karɓe gaba daga hannun juna. A zagayen ƙarshe suka cim ma Joe Weatherly, mai Chevrolet lamba 48, wanda tuni an zagaye shi, ba ya cikin masu neman kofi. Haka motocin uku suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa: Weatherly ta gefen 'yan kallo, Petty a tsakiya, Beauchamp ta ciki.

France da mai kaɗa tuta, Johnny Bruner, suka ce Beauchamp ne. Petty ya ce atafau. Kuma ba shi kaɗai ba. Fireball Roberts, direban da motarsa ta lalace tun da wuri, ya tsaya kusa da layin yana kallo, ya ce Petty ne ya riga. Weatherly, wanda ya fi kowa kusa da su, ya ce shi ne gaba, Petty na biye, sannan Beauchamp. 'Yan jarida da dama ma haka suka gani. A wannan yammacin France ya sanar cewa sakamakon na wucin gadi ne, ya roƙi duk wanda ya ɗauki hoton ƙarshen tseren ya kawo. Babu kyamarar tantance nasara a filin, domin ba wanda ya zaci tseren mil 500 zai ƙare da tazarar da ido ba zai iya rabewa ba.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne inda alƙalan suka tsaya. Wurin kaɗa tuta yana gefen 'yan kallo ne, wato gefen da motar Weatherly ta bi. Motar da ba ta cikin lissafi ita ce ta fi kusa da su, kuma ta ɗan riga sauran biyun, sai ta kare musu hancin motar Petty a daidai lokacin da ake bukatar ganinsa.

Na biyu, lissafin gudu. Matsakaicin gudun tseren mil 135.5 ne a awa, kusan kilomita 218. Mota mai irin wannan gudu tana cin kimanin mita 60 a daƙiƙa ɗaya. Tazarar da ake gardama a kai ba ta wuce ƙafa biyu ba, kusan santimita 60. Ke nan abin da ya raba su kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa, ƙiftawar ido ma ta ninka shi sau da yawa. Ga kuma Beauchamp yana matsowa da ƙarfi a mitocin ƙarshe. Ido yakan bi motar da ke cin ƙasa, ya ba ta nasarar da ba ta riga ta samu ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to ran nan ganin kansa ya nemi mai yi masa shaida.

Na uku, hotuna. Suka yi ta shigowa ofishin hukumar, amma kowanne da raunin da yake ɗauke da shi. Wanda aka ɗauka a karkace yana iya ba wata mota fifikon da ba ta da shi. Wanda aka ɗauka bayan an wuce layi ba ya faɗin abin da ya faru a kan layin. Mafi inganci shi ne na T. Taylor Warren, wanda ya tsaya ta cikin fili, ɓangaren da Weatherly bai kare ba. A hotonsa ana ganin motocin uku a jere, lamba 73 a kusa, kuma hancin lamba 42 ya leƙo gaba da ita ƙarara. Sai dai motocin ba su gama taka layin ba lokacin da ya danna. Magoya bayan Beauchamp na iya cewa a 'yan mitocin da suka rage ne gwaninsu ya wuce. Hoto guda yana kama lokaci ɗaya ne tak, ita kuwa tambayar tana bukatar a ga abin da ya biyo baya.

Mataki na huɗu shi ya warware ƙullin. Kamfanin labaran majigi na Hearst ya ɗauki tseren a fim, aka aiko da shi daga Niyok. Fim jerin hotuna ne masu bin juna, ana iya tsayar da shi a duba su ɗaya bayan ɗaya. Da aka bi shi a hankali, sai aka ga Petty yana gaba kafin layi, yana gaba kuma a kan layi. Abin da hoton Warren ya nuna, fim ya tabbatar. Ranar Laraba, 25 ga Fabrairu, France ya janye hukuncinsa na farko ya bayyana Lee Petty a matsayin wanda ya ci, da kyautar dala 19,050.

Saura ƙorafi ɗaya. Mutanen Beauchamp sun daɗe suna cewa Petty ya fi tsayawa shan mai da canza taya, don haka akwai zagaye guda a tsakaninsu. A wancan zamani, da hannu ake rubuta zagayen kowace mota, kuma kyamara ba ta da ta cewa a nan. Takardun hukumar dai sun ba su duka biyun zagaye 200, a kan haka tarihi ya tsaya. Shekara biyu bayan nan, a 1961, motocin mutanen biyu suka sarƙe a wani tseren share fage a wannan fili, suka fasa shingen kwana suka faɗa waje. Sun tsira da rai, amma Petty ya ji mummunan rauni, kuma daga nan tauraron kowannensu a fagen tsere ya dusashe.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne halin da France ya nuna. Filinsa ne, hukumarsa ce, bakinsa ne ya yanke hukunci a gaban dubban jama'a a ranar da duk ƙasa ta zuba masa ido. Da ya kafe, babu mai tilasta shi. Amma ya buɗe ƙofa ga hujjar da za ta iya ƙaryata shi, da ta zo kuma ya bi ta. Beauchamp ya rasa kofin da ya riga ya rungume, wannan abin tausayi ne ƙwarai. Sai dai duk direban da zai sa ransa a kan gudun kilomita 200 a awa yana da haƙƙin ya san cewa abin da ya faru a kan layi shi za a rubuta, ko da ya saɓa wa maganar mai filin.