Cutar Shanu Mai Rikiɗa Ta Zama Sankara

Garke shi ne rumbun makiyayi, amma akwai ɓarawon da ke shigarsa ba kare ya yi haushi. Wata ƙwayar cuta ce irin wadda likitoci ke kira birus, da masu bincike suka gano a Amurka cikin shekarar 1969. Faransawa na ce wa ciwon da take kawowa lekoz.

In ta shiga jikin saniya, sai ta laɓe cikin fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, ta zauna har iyakar rai. Yawancin shanun da suka kamu suna ci suna sha, ba wata alama. Amma ga ƴan kaɗan, ƙasa da 5 cikin 100, ƙwayoyin nan sukan yi ta hayayyafa ba tsayawa har su zama sankara. Galibi sai saniya ta wuce shekara 3 abin ke bayyana: kaluluwa ta kumbura, nono ya ragu, ta rame, wani lokaci ƙafafun baya su mutu. Nan kuwa babu magani.

Jini ne babbar hanyarta. Allura guda da aka yi wa shanu da yawa, wuƙar tsaga kunne, cizon bobuwa, duk suna iya ɗaukar ta. Maraƙi ma yakan samu daga uwa.

Ƙasashe irin su Danmark sun kawar da ita ta hanyar auna jini da fid da masu ɗauke da ita daga garke. Ga makiyayi kuwa, tsabtace allura da wuƙa kafin a taɓa dabba ta gaba, da gaggawar nuna duk wani kumburi ga ma'aikatan kiwo, su ne garkuwa.