Wa Za A Ba Makullin? Yadda Ake Rabon Sababbin Gidajen Haya A Ingila

Ɗan ƙanwata da ke Landan ya bugo mini waya bayan isha'i, ransa a ɓace. Shekara shida ke nan sunansa na cikin jerin masu jiran gidan haya mai rangwame, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu. An gama wasu sababbin gidaje a bayan layinsu, ya nema, aka ba wanda ya shiga jerin a bayansa. Ya ce, "Kawu, wannan ai son kai ne ƙiri-ƙiri." Na ce ya turo mini takardar na gani. Da na karanta sai na ga ba hanci aka ci ba. Tsari ne rubutacce, kuma yawan 'ya'yansa ne ya fitar da shi.

Mu da muka saba da mai gida ya ce a kawo kuɗin shekara biyu kafin a ba ka makulli, sai an ɗan yi mana bayani. A Ingila ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje marasa neman riba suna ba da haya ƙasa da farashin kasuwa. Tun 2011 aka ƙara wani rukuni da kuɗinsa kan kai kashi 80 cikin 100 na farashin unguwa, wanda a Landan dai sunan araha kawai yake da shi. Gidajen kuwa sun yi kaɗan. Daga 1980, zamanin Margaret Thatcher, aka ba 'yan haya damar sayen gidajen da suke ciki, aka sayar da kusan miliyan 2, ba a gina madadinsu ba. Yau iyalai fiye da miliyan 1 ne ke jira.

Dokar gidaje ta 1996 ta ce a fifita wanda ba shi da matsuguni, da wanda ke cikin cunkoso ko gida mai cutarwa, da marar lafiya. Ana kasa mutane aji-aji, a sa gidan a intanet, mai so ya nema. Amma dokar nan ta bar wata ƙofa: hukuma na iya rubuta tsarin rabo na musamman ga unguwa guda. Nan ne yaron nawa ya faɗi.

Dalilinsu shi ne, a tsohuwar unguwa gida ɗaya-ɗaya ne ke fita, baƙo ya shigo ya tarar da mutanen da suka riga suka san juna. Sabon gini kuwa ƙofa tamanin za a cika cikin wata guda. In aka ɗebo mutum tamanin na saman jeri, to an tara waɗanda duk wuya ta fi ci wuri ɗaya: wannan daga masaukin wucin gadi, wancan ba aiki, ga yara sa'o'in juna cike da matakala, makarantar unguwa ba ta da gurbi. Wanda ya ɗan samu hali sai ya tashi, a bar waɗanda ba su da inda za su. Saboda haka sai a ware wani kaso ga masu aiki, a ƙayyade yawan yara a ginin, a bar hawan ƙasa ga tsofaffi da masu keken guragu, a hana wanda aka sani da takura wa maƙwabta. Galibi a rabon farko kawai ake bin tsarin, daga baya a koma jeri.

An yi irin haka a Stratford, gabashin Landan, bayan wasannin Olamfik na 2012. Masaukin 'yan wasa ya koma gidaje 2,818, aka ware 1,379 masu rangwame, 675 daga ciki na haya mafi sauƙi, aka kuma fifita masu aiki wajen rabo.

Gaskiya hikimar ba baƙuwa ba ce a wurina. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan haya a zango ya san ba a cika shi da gwauraye zalla, ba a kuma cika shi da masu goyo zalla ga famfo ɗaya. Ana son dattijo guda a ɗakin bakin zaure, wanda in rigima ta tashi zai ce a bari, a bari. Marigayi mai masaukinmu a Kumasi haka yake yi, ba tare da ya rubuta komai ba.

Sai dai fa wani ne ke biyan kuɗin wannan zaman lafiyar. Duk gidan da aka ba mai aiki, akwai matar da ke renon yara ita kaɗai da ta ƙara kwana a ɗakin otel. Sharaɗin daɗewa a gari, wanda dokar 2011 ta ba hukumomi ikon sawa, kan baƙo yake faɗawa, wato irinmu. Mai sana'ar kansa ma, in ba shi da takardun haraji, da wuya a lissafa shi cikin masu aiki, ko da tun asuba yake fita. Wanda kuwa bizarsa ta hana shi tallafin gwamnati, ko jerin ma ba zai shiga ba. Ni a ganina tsarin na da kyau in kason da aka ware kaɗan ne, kuma an faɗi ranar da zai ƙare. In ya wuce haka, ya zama hanyar korar talaka cikin ladabi.

Na ce wa yaron ya nemi a ba shi tsarin a rubuce, ya kuma nemi a sake duba ajin da aka sa shi, don doka ta ba shi wannan dama, yawanci cikin kwana 21. Ya kai takardar likita ta asmar ƙaramar 'yarsa, wadda bai taɓa kai musu ba, wai yana jin nauyi. An ɗaga shi aji ɗaya. Gidajen bayan layin dai sun cika, yanzu wasu yake hari da za a gama baɗi.