Garin da Ya Haskaka Duniya da Man Kifi

Kafin kananzir ya bayyana, man kifin wel ne ke kunna fitilun gidaje da na tituna a Amurka da Turai. Garin New Bedford na jihar Massachusetts shi ne cibiyar wannan sana'a: a 1857 jiragen farauta 329 ke tashi daga can. Gidan tarihin da aka kafa a garin a 1903 ya adana labarin, da daɗinsa da ɗacinsa.

Da shigarka sai ka ɗaga kai. Ƙasusuwan wani shuɗin wel mai tsawon ƙafa 66 na rataye a sama, kuma bai ma gama girma ba lokacin da jirgin dakon mai ya buge shi a 1998. Har yau mai na tsattsafowa daga ƙasusuwan.

Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa ƙaramin mashi ne. Lewis Temple, maƙeri baƙar fata, ya ƙera shi a 1848. Kan mashin yakan juya ya gitta cikin nama, duk yadda dabbar ta fizga ba ya zarewa. Mafarauta suka rungume shi, masu jirage suka kuɗance, Temple kuwa bai yi rajistar fasaharsa ba, ya rasu ba shi da ko sisi. Haka ma matuƙan. Mutum shida cikin ɗan kwale-kwale ke tunkarar dabbar da bugun jelarta ɗaya zai iya wargaza su, sannan a kwana ana narka kitse a manyan tukwanen ƙarfe. Tafiyar takan ci shekara uku ko huɗu, babu albashi sai ɗan kaso daga riba, wasu ma da bashi suke dawowa. Da yawansu 'yan tsibiran Kap Bardi ne na Afirka ta Yamma, kuma zuri'arsu na nan a garin.

Ana yawan cewa man fetur da aka haƙo a Pennsylvania a 1859 ne ya ceci wel. Ban yarda ba. Ya dai karya kasuwar New Bedford, amma a ƙarni na 20 jirage masu inji sun kashe kusan miliyan 3, kafin dakatar da farautar kasuwanci ta fara aiki a 1986. Wani nau'in wel na arewacin tekun Atlantika bai kai 400 ba a yau, kuma karon jirage da igiyoyin masunta na ci gaba da kashe shi.