Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia: Abin da Yake Koya Mana

A garin Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, akwai wani gidan tarihi da ya kamata kowane ɗalibi ya san labarinsa. Shi ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa a shekarar 1985. Ba a banza aka zaɓi wannan gari ba. Bayan da Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoba na 1967, Umuahia ce ta zama hedkwatar Biyafara har zuwa watan Afrilu na 1969. An gina gidan a wurin da gidan rediyon Muryar Biyafara yake watsa shirye-shiryensa daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa.

An kasa kayan da ke ciki kashi uku. Kashi na farko na makaman gargajiya ne, irin su baka da kibiya, mashi da takobi. Na biyu yana nuna tarihin rundunar sojan Nijeriya. Na uku kuwa na yaƙin basasa ne, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli, 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu, 1970. A filin waje an ajiye jiragen sama, da motoci masu sulke, da jirgin ruwan yaƙi mai suna NNS Bonny. Akwai kuma Ogbunigwe, nakiyar da injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannunsu, gama an toshe musu hanyoyin samun makamai daga waje.

Abin lura shi ne, makaman ɓangarorin biyu suna ajiye a fili ɗaya, ba a ware na masu nasara daban ba. Wannan ya yi daidai da matsayin Janar Yakubu Gowon a ƙarshen yaƙin, cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci.

Amma ƙarfe ba ya faɗin dukan labari. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Sa'ad da aka gama, sun kai wajen 250,000. Da yawa daga cikinsu samari ne da suka bar gona ko makaranta. Waɗansu sun komo da raunuka, waɗansu ba su komo ba sam. A Gabas kuma, yunwa ta kashe mutane fiye da harsashi, yawancinsu ƙananan yara. Shi ya sa hotunan da ke jikin bango suka fi bindigogin nauyi.

Daga wannan ciwo ne aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, domin matashi ya zauna cikin mutanen da ba yarensa ba, ya san su. Ranar tunawa da mazan jiya ma, 15 ga Janairu, ranar ƙarshen yaƙin ce.

Mu malamai muna jin yara suna faɗin maganganun ƙabilanci da suka ɗauko daga gida, suna ganin wasa ne. Wanda bai ga yaƙi ba ne yake marmarinsa. Idan a gidanku akwai dattijon da ya ga wannan zamani, ku zauna kusa da shi a lokacin hutu, ku tambaye shi a hankali, ku rubuta abin da ya faɗa muku tun yana da rai.