Ɓeran ɗakin gwaji da yaron da ya koma ruwa

A Zango, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, in saurayi ya faɗa shaye-shaye abin da iyaye suka fi sani shi ne a kai shi a tsare. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun rufe wani gidan mari a Daura, inda aka tarar da mutane ɗaure da sarƙa. Ba mugunta ce ta sa iyaye kai 'ya'yansu can ba. Gani suke in an raba yaro da kwalba wata shida, ƙishinta zai mutu.

Ɓeraye sun nuna ba haka abin yake ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, David Sinclair, ya lura cewa ɓeran da ya saba da giya, in aka hana shi na ɗan lokaci sannan aka mayar masa, sai ya sha fiye da yadda ya saba.

Gwajin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na ƙarfen dannawa. Ana koya wa ɓera ya danna wani ɗan ƙarfe, fitila ta kama, ɗigon giya ya sauko. Sai a yanke giyar da fitilar, ya yi ta dannawa a banza har ya haƙura. Ka ce ya shiryu. Ranar da aka sake kunna fitilar nan kawai, ko ɗigo babu, sai ya koma dannawa ba ji ba gani. Haka yake yi in an tsorata shi. A nan ake gwada magani: in an ba shi, zai danna ko zai kau da kai?

Naltrexone, wanda Amurka ta amince da shi don masu shan giya a 1994, yana rage komawar da fitila ke jawowa, amma bai cika hana wadda tsoro ke jawowa ba. Wasu magungunan da suka kwantar da firgitar ɓera kuwa, da aka gwada su a jikin mutane, ba su yi aiki ba.

A wajenmu kodin da tiramol sun fi giya ɓarna, shi ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma fitilar ɗaya ce. Yaron da aka sako zai dawo unguwarsu, ya bi ta majalisar da ya saba zama, ya ji muryar abokan da suke sha tare, ga rashin aiki, ga gorin 'yan uwa tun daga zaure.