Ko Ka Sani? Massey da Kubota Ba Don Ƙasa Ɗaya Aka Ƙera Su Ba

A ce kuɗinka ya kai na tarakta ɗaya ta hannu, dillali ya kai ka fili ya nuna maka guda biyu. Ta farko ja ce, Massey Ferguson 135, fenti ya koɗe, kujera ta sha walda. Ta biyu 'yar ƙaramar Kubota ce ruwan lemo, tsaf-tsaf da ita, ba a daɗe da sauke ta daga kwantena ba, ko rubutun Japananci bai goge a jikinta ba. Ido kan ta biyun zai tafi. Tambayar da yawancin masu saye suke fara yi kuma ita ce shekarar ƙira, sai ƙarfin doki. Duka biyun suna da amfaninsu, amma ba su ne za su raba gardamar ba. Abin da zai raba ta shi ne irin ƙasar da maƙeran kowacce suke kallo a lokacin da suka zana ta.

An fara ƙera Massey 135 a 1964, aka shafe fiye da shekara goma ana fitar da ita, da yawa daga masana'antar Banner Lane da ke birnin Coventry a Ingila. Injinta na dizal Perkins ne mai silinda uku, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 45, nauyinta kuma wajen ton ɗaya da rabi. Amma sirrinta ba a gaba yake ba, yana baya, a hannuwan ƙarfe guda uku da ake maƙala garma. Kafin Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan, ya fito da wannan dabara, wadda ya yi wa rajista a 1926, ƙugiya ɗaya ake saƙala wa garma a ja ta. Idan ta ci karo da kututture ko dutse ta cije, tayoyin baya ba sa daina juyawa, sai gaban taraktar ya ɗaga sama ta kife da baya a kan direba. An yi asarar rayuka da yawa ta haka. Ferguson ya sa hannu biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Idan ƙasa ta yi wa garma tirjiya, hannun saman yakan tura gaban taraktar ƙasa maimakon sama, nauyin garma da na ƙasar da take kaftawa kuma ya sauka a kan tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. Na'urar haidirolik tana jin wannan tirjiyar, ta ɗan ɗaga garmar da kanta inda ƙasa ta yi tauri, ta mayar da ita inda ta yi laushi. Da wannan ne tarakta marar nauyi sosai take yin aikin manya.

A 1938 Ferguson da Henry Ford suka yi yarjejeniyar da musafaha kawai suka ƙulla ta, babu takarda, aka fito da Ford 9N a 1939. Daga baya Ferguson ya fara ƙera tasa, TE20, a Coventry a 1946, kamfaninsa kuma ya haɗe da Massey-Harris na Kanada a 1953. Da irin wannan TE20, kakar 135, Edmund Hillary ya ratsa ƙanƙara ya isa tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya a Janairun 1958. Wannan ba zai ƙara maka buhu ko ɗaya ba, amma yana nuna zuriyar da ta fito.

Kubota kuwa labarinta daban. Kamfanin ya fara ne a Osaka a 1890 da narkar da ƙarfe, ya yi suna a bututun ruwa, bai fito da taraktarsa ta farko ba sai 1960. Gonar manomin Japan 'yar kaɗan ce, akasari ta shinkafa, cikin ruwa da taɓo. Tarakta mai nauyi nutsewa za ta yi a wurin. Saboda haka suka yi ƙanana marasa nauyi, tayoyi huɗu duk suna ja, da tayoyi masu dogayen haƙora da ke kama laka. Ɗauki B7100 da ta fito a 1976: doki 16, silinda uku, nauyi wajen rabin ton. Ba a yi ta don jan garma mai faifai ba. An yi ta ne don rotabeta, na'ura mai wuƙaƙe da ke juyawa tana marmasa ƙasa, kuma ƙarfin injin ba ta taya yake bi ya kai ga ƙasa ba, ta sandar nan ta baya mai juyawa yake bi, wadda makanikai ke kira PTO. Wuƙaƙen ma tura taraktar gaba suke yi. A daminar fari, idan ka maƙala mata garma mai faifai ka shiga jigawar da ta sha rani ta ƙanƙame, za ka ga tayoyi suna wulwulawa a wuri ɗaya, ƙura na tashi, garma ko rabin taki ba ta nutsa ba. Ba injin ne ya gaza ba, nauyin danne ƙasa ne babu.

Ita kanta maganar ƙarfin doki tana da rami. Akwai adadin da injin ke bayarwa shi kaɗai, akwai wanda ke isa sandar PTO, akwai kuma wanda ke saura a wurin ja bayan giya da taya sun ci rabonsu, kowanne ƙasa da na gabansa. Dillali babban yake faɗa maka. Tsohuwar matsala ce: wani manomi a jihar Nebraska ta Amurka, Wilmot Crozier, ya sayi taraktar da ta kasa yin abin da aka ce za ta yi, da ya shiga majalisar jihar ya tsaya aka yi doka a 1919 cewa duk samfurin taraktar da za a sayar a jihar sai jami'a ta gwada shi tukuna. Har yau ana wannan gwajin. A Najeriya ma cibiyar bunƙasa aikin gona da injuna da ke Ilori tana gwada taraktoci.

Sai maganar kunya, wadda masu saye kan manta sai sun kai gona. Masara, dawa da gyaɗa a ƙasar Hausa a kan kunya ake shuka su, tazarar da malaman gona suka saba bayarwa kuma santimita 75 ce. Tayoyin Massey 135 ana iya buɗa su ko a tsuke, ta hanyar juya wili da zare gatarin gaba, har a daidaita su a kan mita ɗaya da rabi, ta haye kunya biyu tayoyi na tafiya cikin kwari. Ƙaramar Kubota faɗinta gaba ɗaya bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, cikinta kuma kusa yake da ƙasa. In taya ɗaya ta samu kwari, ɗayar a kan shuka take. Amma wannan ƙanƙantar ce kuma take ba ta damar juyawa a cikin fangalin shinkafa, ko ratsawa tsakanin bishiyoyin mangwaro da gwaiba a lambu, inda Massey za ta yi ta karya rassa.

Kayan gyara nan ne ake kuka. Yawancin ƙananan taraktocin Japan da ake saukewa na hannu an ƙera su ne don kasuwar cikin gida, ba don fitarwa ba. 'Yar'uwar B7100 ta cikin gida sunanta B7001. Kama ɗaya, inji iri ɗaya, amma ba kowane ƙarfe ne ke shiga na ɗaya ba, littafinta kuma da Japananci yake. Bambancin ya kai har a 1997 hukumar cinikayya ta Amurka ta hana shigar da irin waɗannan Kubota na hannu ƙasar, bisa ƙarar da kamfanin da kansa ya kai. Ma'aunin da duniya ta saba da shi na PTO juyi 540 ne a minti, sanda mai tsaga shida. Na Japan da yawa giya uku ko huɗu gare su, wasu tsofaffi kamar B6000 ma sandar juyin baibai take yi, wasu kuma babu hannu uku, sai maƙalar rotabetarsu kaɗai. Don haka duk wanda zai sayi irin wannan, ya saye ta da rotabetarta a jiki, ya ga ta juya a gabansa.

Massey a nan ta yi sa'a. Injin Perkins ɗin nan bai mutu da 135 ba. Kamfanin Millat da ke Lahore a Pakistan ya ci gaba da ƙera MF 240 da irinsa, a Indiya ma kamfanin TAFE ya daɗe yana ƙera dangin Massey. Shi ya sa ringi, fistin, gasket da famfon ruwa ba sa wuya, kuma bakaniken da ya saba da manyan Massey ba zai tsaya yana kallonta ba. Sai dai yawan kaya ya zo da yawan jabu. Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta lambar inji ka shiga kasuwar kayan gyara mafi kusa da gonarka, ka tambayi matatar mai, nozul da faifan kuloci na kowacce. Wadda aka ce maka "sai an yi oda", ka tuna cewa huɗa ba ta jiran jirgin ruwa.

Agogon awa da ke gaban direba kada ka ba shi gaskiya. A tsofaffin taraktoci waya ce ke juya shi daga inji, awa ɗaya kuma ba ta cika daidai sai injin yana gudu a wani ƙayyadadden juyi. In wayar ta tsinke ko aka zare ta, agogo ya tsaya, aiki bai tsaya ba. Mai sayen bijimi baki yake buɗewa ya duba haƙora, to haƙoran tarakta su ne fedar kuloci da ta birki: in ƙarfen ya side ya yi sulɓi alhali agogo na nuna awa kaɗan, ɗayansu ƙarya yake yi. Haka ramukan da ake sa fil a hannuwan baya; in sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, ta ja kaya ba kaɗan ba.

Ka je wurin dillalin da sassafe, ba tare da ka sanar da sa'a ba. Kafin a taɓa makulli, ɗora tafin hannunka a jikin injin. In da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ga yadda take tashi da sanyi, sai ka ce, "Alhaji, gobe na dawo." Zare sandar baƙin mai: in man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. Buɗe lagireto tun injin na sanyi, a tayar, ka leƙa. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gasket ce ko tsagewar kan inji. Sai ka koma ga salansa. Ɗan farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne, kuma Kubota ta buƙaci a ɗan riƙe mata hita kafin ta tashi da sanyin hunturu, haka aka ƙera ta. Shuɗin hayaƙin da ba ya yankewa baƙin mai take ƙonawa. Baƙi ƙirin kuma nozul ne ko matatar iska ta toshe. Akwai ɗan bututu da ke saukowa a gefen inji yana fitar da numfashi. Sa hannu a bakinsa: in yana huci fuf-fuf da feshin mai, ringi sun gama. Daga nan a maƙala garma ko rotabeta, a ɗaga ta sama, a kashe injin, ku tsaya ku yi hira. In kafin ku gama gaisawa ta sauka ƙasa, haidirolik na yoyo daga ciki.

Ka sunkuya ka dubi cikinta ma. Massey 135 ba ta da shasi irin na mota. Inji, gidan giya da gatarin baya su ne aka ɗaure da juna suka zama ƙashin bayanta. Walda a jikin waɗannan, karaya ce a ƙashin baya. Kuma canjin faifan kuloci sai an raba taraktar gida biyu, a tura gaba gefe guda, baya gefe guda, don haka kulocin da ke zamewa ba ƙaramin abu ba ne, a cire kuɗinsa daga farashi. Wasu 135 suna da ƙarin giya da ake kira Multi-Power. Irin wannan ba ta tashi da turi, kuma in an sa wannan giyar a ƙaramin mataki tana gangare, injin ba ya riƙe ta, sai birki kaɗai. Mai ɗaukar tirela cike da taki ya san da wannan.

Dukansu biyu, akasari babu ƙarfen kariya da ke tokare tarakta in ta kife, wanda ƙasar Suwidin ta fara wajabtawa tun 1959. Ƙaramar, saboda rashin faɗi, ta fi saurin tuntsurewa a gefen kwalbati ko kan gaɓar fangali. Kuma ko wacce ka saya, sarƙar jan kaya a ƙasan gatari ake ɗaura ta, ba a hannun sama ba.

In ni za a tambaya, mai gonar tudu da ke huɗa, yake kai taki da rani, yake kwaso amfani da kaka, kuma yake sa ran maƙwabta su yi hayar ta, Massey ce tasa ko da ta fi muni a ido. Mai 'yan kadada a fadama ko a filayen noman rani irin na Kadawa da Kura, da shinkafa da tumatir da albasa, ƙaramar ta fi masa, muddin akwai bakaniken da ya taɓa buɗe irinta a kusa. Masu cewa ƙaramar ba ta shan mai sun yi gaskiya in a awa ake lissafi, amma manomi a kadada yake biya, kuma abin da babbar za ta gama kafin azahar ƙaramar na iya kai shi magariba. Tayoyinta masu dogayen haƙora kuma ba sa son kwalta. In gonar na da nisa da gida, sai ka sa kuɗin sababbin taya cikin lissafi, ka kuma tambaya tun yanzu ko akwai girmansu a kasuwa.